Taswirar teku a kwamfutar hannu: amfaninta da haɗarin dogara da ita

A ranar 29 ga watan Nuwamban shekara ta 2014, jim kaɗan bayan duhu ya shiga, wani jirgin ruwan tsere mai suna Vestas Wind, wanda ke tafiya da ƙarfin iska, ya yi karo da duwatsun murjani a tsakiyar tekun Indiya, yana gudun kimanin kilomita 35 cikin sa'a guda.

Jirgin na ɗauke ne da mutum 9, akasarinsu ƙwararrun matuƙa da suka daɗe suna ratsa manyan tekunan duniya. Babu wata na'urarsa da ta lalace, kuma na'urar GPS ta nuna daidai inda yake. Duwatsun ne ba su fito fili a taswirar da ke fuskar kwamfuta ba.

Irin wannan taswira ce a yau ɗimbin masu ƙananan jiragen ruwa a Turai da Amurka da Ostireliya ke ɗauke da ita a cikin kwamfutar hannu, irin su iPad da takwarorinta masu amfani da Android. Ta sauƙaƙa aikin da a da sai mutum ya shafe shekaru yana koyo. To sai dai kuma ta zo da nata haɗarin, domin na'urar ta fi sanin inda jirgi yake, a kan sanin abin da ke ƙarƙashin ruwan da yake tafiya a kai.

Daga taurarin sama zuwa taurarin ɗan Adam

Tun fil azal babbar tambayar da ke gaban matuƙin da ya yi nisa da gaɓa ita ce: a ina nake?

Matuƙan Larabawa na tekun Indiya sun yi amfani da wani ɗan katako mai igiya da ake kira kamal, inda suke auna tsayin tauraron arewa daga inda sama ta haɗu da ruwa, domin su san iyakar yadda suka yi kudu ko arewa. Shahararren matuƙin nan Ahmad bin Majid, wanda ya rayu a ƙarni na 15, ya tattara irin wannan ilmi na taurari da iska da gaɓoɓi a littafinsa Kitabul Fawa'id wajejen shekara ta 1490.

Sanin nisan da aka yi gabas ko yamma shi ya fi wuya. A shekara ta 1707 jiragen yaƙin Birtaniya 4 sun nutse a kusa da tsibiran Scilly saboda kuskuren lissafin inda suke, inda mutane fiye da 1,400 suka halaka. A shekara ta 1714 majalisar dokokin ƙasar ta sanya ladan da ya kai fam 20,000 ga wanda ya warware matsalar, kuma daga bisani wani kafinta mai suna John Harrison ya ƙera agogon da ba ya kuskure a kan teku, wanda ya zama mabuɗin lissafin.

Tsarin GPS ne ya kawo ƙarshen wannan wahala. Rundunar sojin Amurka ta harba tauraronsa na farko a shekara ta 1978, kuma ya kammala fara aiki a shekara ta 1995. Da fari gwamnatin Amurka na gurɓata saƙonnin da farar hula ke samu da gangan, ta yadda kuskuren kan kai mita 100. A watan Mayun shekara ta 2000 shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin dakatar da hakan, kuma kuskuren ya ragu zuwa 'yan mitoci. A halin yanzu Rasha na da nata tsarin mai suna GLONASS, Tarayyar Turai na da Galileo, ƙasar Sin kuma na da BeiDou.

Yadda na'urar ke aiki

Abubuwa uku ne ke haɗuwa kafin kwamfutar hannu ta zama jagora a teku: na'urar karɓar saƙon taurarin ɗan Adam, da taswira, da kuma manhajar da ke ɗora ɗayan a kan ɗayan.

Taurarin GPS, waɗanda ba sa gaza 24, suna kewaya duniya ne a nisan kimanin kilomita 20,200. Kowanensu na ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, yana kuma aiko da saƙon da ke bayyana inda yake da lokacin da saƙon ya tashi. Na'urar da ke cikin jirgi kan lissafa tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta gane nisanta da tauraron. Idan ta samu saƙon aƙalla taurari 4, to ta san inda take. Da yake saƙon na tafiya ne da saurin haske, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya isa ya gusar da jirgi mita 300 daga ainihin wurinsa.

Wannan aiki ba ya buƙatar intanet ko layin waya, domin na'urar saurare kawai take yi. Taswirar ce ake saukewa tun ana tashar jiragen ruwa, a adana ta cikin kwamfutar, saboda da zarar an yi nisa da gaɓa sabis ɗin waya kan ɗauke.

A nan ne sababbin shiga kan yi kuskuren farko. Ba kowace kwamfutar hannu ce ke da GPS a cikinta ba. Alal misali, iPad ɗin da ba ta ɗaukar layin waya ba ta da shi, tana hasashen inda take ne daga hanyoyin intanet marasa waya da ke kewaye da ita. A cikin gari sai ta yi kamar tana aiki, amma a kan teku sai ta rasa inda take, sai fa idan an haɗa ta da wata na'urar GPS ta daban.

Idan komai ya daidaita, manhajar kan nuna jirgi a matsayin wata 'yar alama da ke tafiya a kan taswira, tare da saurinsa, da inda ya nufa, da lokacin da ake sa ran isarsa. Wannan na da muhimmanci domin ba kullum ne inda goshin jirgi ke kallo yake zama inda jirgin ke tafiya ba, saboda iska da gudanar ruwa kan ture shi gefe.

Abin da ya sa ta karɓu

Taswirar teku ta lantarki ta girmi kwamfutar hannu. Kamfanin Navionics, wanda aka kafa a Italiya a shekara ta 1984, na cikin waɗanda suka fara yin ta, kafin kamfanin Garmin na Amurka ya saye shi a shekara ta 2017. A wancan zamani sai mutum ya sayi wata na'ura ta musamman mai tsada da ake kafewa a jikin jirgi. Fitowar iPad a shekara ta 2010 ce ta sauya lamarin, inda manhajoji irin su Navionics da C-MAP da iNavX suka bazu, baya ga OpenCPN wadda kyauta ce.

Baya ga rahusa, akwai sauƙin ɗauka. Matuƙi na iya zama a gida ya tsara tafiyarsa, sannan ya ɗauki na'urar zuwa jirgi. Wanda ya yi hayar jirgi a Girka ko Kuroshiya na iya zuwa da taswirar da ya saba da ita. Gyare-gyaren da a da ake yi wa taswirar takarda da alƙalami, ɗaya bayan ɗaya, yanzu na sauka ne ta intanet cikin 'yan mintoci.

Manhajojin kan nuna hasashen iska da lokutan cikowa da janyewar teku. Idan kuma aka haɗa su da na'urar AIS, wadda doka ta wajabta wa manyan jiragen da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe tun ƙarshen shekara ta 2004, matuƙi zai ga sunan jirgin dakon kayan da ke tunkaro shi, da saurinsa, da kuma tazarar da zai wuce shi da ita. Ga ƙaramin jirgin da ke ratsa mashigin ruwan da ya raba Ingila da Faransa cikin hazo, wannan ba ƙaramin taimako ba ne.

Taswira iri biyu

Taswirorin lantarki iri biyu ne. Akwai wadda ake kira rasta, wadda hoton taswirar takarda ce kawai aka zuba a kwamfuta, duk abin da mai zane ya sa yana nan. Akwai kuma bekta, wadda rumbun bayanai ce mai hawa-hawa, inda manhaja ke zaɓen abin da za ta nuna gwargwadon yadda aka zuƙo taswirar. Idan ana kallon yanki mai faɗi, sai ta ɓoye wasu bayanai domin kada fuskar na'urar ta cunkushe. Akasarin manhajojin kwamfutar hannu da bekta suke aiki.

Wannan ne ya ritsa da Vestas Wind. Jirgin na cikin gasar zagaya duniya ta Volvo ne, a zango na biyu daga birnin Cape Town zuwa Abu Dhabi. A kan hanyarsa akwai jerin duwatsun murjani da tsibirai na Cargados Carajos, kimanin kilomita 430 arewa maso gabas da tsibirin Mauritius, waɗanda tsawonsu ya kai wajen kilomita 50.

Mai duba hanyar jirgin, Wouter Verbraak ɗan ƙasar Holland, ya duba wurin a kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, amma a girman da ya duba taswirar, abin da ya gani tudu ne a ƙarƙashin ruwa mai zurfin kimanin mita 40, alhali ƙasan jirgin bai kai mita 5 a cikin ruwa ba. Da ya ƙara zuƙo taswirar, da duwatsun sun bayyana.

Ma'aikatan sun kwana a cikin jirgin igiyar ruwa na dukansa, kafin su fice daga cikinsa da asuba, jami'an tsaron gaɓar tekun Mauritius suka kwashe su. Babu wanda ya rasa ransa. Rahoton kwamitin bincike mai zaman kansa, ƙarƙashin tsohon hafsan sojin ruwan Ostireliya Chris Oxenbould, wanda aka fitar a watan Maris na shekara ta 2015, ya ɗora laifin a kan abu biyu: rashin amfani da taswirar yadda ya kamata, da kuma gazawar ita kanta taswirar wajen nuna haɗarin a lokacin da ake kallon yanki mai faɗi.

Jirgi mai tafiya da iska ya fi sauran jirage fuskantar wannan matsala. Ba ya iya fuskantar iska kai tsaye, sai dai ya riƙa karkata dama da hagu, kuma duk lokacin da iska ta sauya, hanyarsa ma ta sauya. Ke nan layin da matuƙi ya bincika a tsanake kafin ya tashi, sau da dama ba shi ne zai bi ba. Saboda haka ne masu koyar da tuƙi ke nanata cewa duk sa'ad da aka sauya hanya, wajibi ne a zuƙo taswira a bi sabon layin daga farko har ƙarshe.

Wa ya auna zurfin?

Ko da an zuƙo taswirar har iyaka, ba za ta nuna abin da ba a taɓa aunawa ba.

Kafin a ƙirƙiro na'urar auna zurfi da amsa-kuwwa, masu safiyo na jefa igiya ce mai dalma a bakinta, su rubuta zurfin wurin, su matsa gaba su sake jefawa. Duk dutsen da ya faɗo tsakanin jifa biyu ba za a san da shi ba. Har yanzu akwai sassan tekun Fasifik da na Indiya da taswirorinsu suka dogara da safiyon ƙarni na 19, lokacin da shi kansa mai safiyon da rana da taurari yake gane inda yake. Shirin Seabed 2030, wanda aka ƙaddamar a shekara ta 2017 domin zana ƙasan tekunan duniya baki ɗaya, ya sanar a shekara ta 2023 cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu kawai aka auna da na'urorin zamani.

Aikin na da tsada, kuma nauyi ne da ke kan kowace ƙasa mai gaɓar teku. A shekara ta 2021 ne rundunar sojin ruwan Najeriya ta karɓi jirgin safiyo na zamani mai suna NNS Lana, wanda aka ƙera a Faransa, domin auna ruwayen ƙasar.

Sakamakon haka shi ne, GPS na iya nuna inda jirgi yake ba tare da kuskuren da ya wuce 'yan mitoci ba, a kan taswirar da ita kuma ta gusa da ɗaruruwan mitoci. Taswirorin hukuma na ɗauke da alamar da ke nuna ingancin safiyon kowane yanki, daga A1, inda kuskuren bai wuce 'yan mitoci ba, zuwa C, inda zai iya kaiwa mita 500, har zuwa D da ta fi haka muni. Amma a fuskar kwamfutar hannu, safiyon bara da na shekaru 150 da suka wuce kan fito da launi iri ɗaya, gwanin sha'awa.

Hatta manyan rundunoni ba su tsira ba. A ranar 17 ga watan Janairun shekara ta 2013, jirgin share nakiyoyi na sojin ruwan Amurka, USS Guardian, ya hau kan duwatsun murjani na Tubbataha a ƙasar Filifins. An gano cewa taswirar lantarkin da yake amfani da ita ta ajiye duwatsun kimanin kilomita 15 daga ainihin inda suke. Bincike ya kuma zargi jami'an jirgin da dogara da taswira guda, tare da yin biris da wasu alamu. Sai da aka yayyanka jirgin kafin a fitar da shi.

Idan GPS ya ɓata lissafi

A watan Yunin shekara ta 1995, jirgin fasinja na Royal Majesty ya tashi daga Bermuda zuwa birnin Boston da mutane fiye da 1,500. Ba da jimawa ba wayar eriyar GPS ɗinsa ta cire, na'urar ta koma yin ƙiyasi daga sauri da alƙiblar jirgin, ba tare da la'akari da iska ko gudanar ruwa ba. An shafe fiye da yini guda babu wanda ya lura, har jirgin ya kafe a kusa da tsibirin Nantucket, kimanin kilomita 31 daga hanyarsa.

A 'yan shekarun nan kuma akwai kutse na ganganci. Saƙon taurarin na isowa ƙasa ne da rauni ƙwarai, don haka ƙaramar na'ura na iya toshe shi, ko ta aika na bogi a madadinsa. A shekara ta 2013 Farfesa Todd Humphreys na Jami'ar Texas da ɗalibansa sun gwada hakan a Bahar Rum, da izinin mai jirgin, inda suka karkatar da wani jirgin alfarma daga hanyarsa ba tare da na'urorinsa sun nuna wata matsala ba. A watan Yunin shekara ta 2017, jirage fiye da 20 a Bahar Aswad sun ba da rahoton cewa GPS na nuna su a kan tudu, kusa da wani filin jirgin sama na Rasha. Tun daga lokacin an sha samun irin waɗannan rahotanni a tekun Baltik da gabashin Bahar Rum da Bahar Maliya da kuma yankin Gulf.

Rana, ruwa da batir

Ita kanta kwamfutar hannu ba don teku aka ƙera ta ba. Kamfanin Apple ya ce an tsara iPad ta yi aiki ne a yanayin da zafinsa bai wuce digiri 35 a ma'aunin Selshiyos ba. Idan aka bar ta a rana, musamman cikin gidan roba mai hana ruwa shiga, takan kashe kanta har sai ta huce, kuma hakan na iya faruwa a daidai lokacin da ake shiga wata ƙuntatacciyar mashiga mai duwatsu.

Hasken rana kan dusashe fuskarta, jiƙaƙƙen yatsa ba ya sarrafa ta da kyau, ruwan gishiri kuma na cinye bakin wayar caji. Amfani da GPS tare da cikakken haske na shanye batir cikin 'yan sa'o'i, alhali jirgi mai tafiya da iska ba shi da wutar da ta wuce ta batiran da inji ko farantan hasken rana ke cikawa. Da dare kuwa, kallo ɗaya ga fuskar mai haske kan kashe wa matuƙi ido, kuma yakan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ido ya sake sabawa da duhu sosai.

Akwai kuma abin da babu wata taswira da za ta nuna: kwalekwalen masunta marar AIS, da komar da aka shimfiɗa, da kwantenar da ta faɗo daga jirgi. Doka ta 5 cikin dokokin hana karo a teku na shekara ta 1972 ta wajabta wa kowane jirgi sa ido da kasa kunne a kowane lokaci, kuma babu wata na'ura da ta ɗauke wannan nauyi.

Da tsohuwar zuma

Duk da haka, babu alamar za a koma baya. Hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta duniya, IMO, ta wajabta wa manyan jirage amfani da tsarin taswirar lantarki na hukuma, daki-daki daga shekara ta 2012 zuwa ta 2018. Hukumar NOAA ta Amurka ta sanar a shekara ta 2019 cewa za ta daina fitar da taswirorin takarda na gargajiya, ta kuma kammala hakan a ƙarshen shekara ta 2024. Ofishin safiyon teku na Birtaniya, wanda aka kafa tun shekara ta 1795, ya ce a shekara ta 2022 zai daina nasa kafin ƙarshen 2026, amma bayan ƙorafin masu amfani da su ya ɗage wa'adin zuwa aƙalla shekara ta 2030.

Sai dai manhajojin kwamfutar hannu ba sa cikin tsarin da IMO ta amince da shi, kuma galibinsu kan gargaɗi mai amfani da su tun da farko cewa taimako kawai suke yi, ba za su maye gurbin taswirar hukuma ba.

Don haka ne gogaggun matuƙa suka ɗauki matsayin tsaka-tsaki. Suna amfani da na'urar, amma suna ajiye ta biyu mai cikakken caji. Suna gwama zurfin da taswira ta nuna da wanda na'urar auna zurfi ke nunawa, kuma idan suka saɓa, su ɗauka cewa akwai matsala. Suna auna alƙiblar hasumiyar fitila ko wani tsauni da kamfas domin tabbatar da abin da GPS ya faɗa. Suna kuma rubuta inda jirgi yake da lokaci da sauri a littafi kowace sa'a, ta yadda ko na'ura ta mutu, akwai inda za a ɗora lissafi.

Hausawa kan ce da tsohuwar zuma ake magani. A shekara ta 2015 kwalejin horar da hafsoshin sojin ruwan Amurka da ke Annapolis ta dawo da darasin gane hanya ta hanyar taurari, wanda ta daɗe da jingine shi, saboda fargabar kutse ga tsarin GPS, wanda ƙasar ce da kanta ta ƙirƙiro shi.

Shi kuwa jirgin Vestas Wind, an ciro shi daga kan duwatsun, aka sake gina shi a Italiya, ya koma cikin gasar a birnin Lisbon a watan Yunin shekara ta 2015, bayan ya rasa zango 5 daga cikin 9.